Wa Ya Toshe Bakin Yahaya a Bakin Kogin Gaya?

Makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti suna da suna, suna kuma da aiki, amma a yawancin majami'unmu na wannan yanki sunan ne kawai ya rage. Adbent ake ce musu, lokacin jiran zuwan Almasihu. Ku shiga sujada ranar Lahadi cikin watan Disamba, ku kasa kunne idan aka zo sanarwa. Kuɗin anko, kuɗin shinkafa, kuɗin san da za a yanka, hayar kujeru da lasifika, karo-karon fentin bango. Sanarwa ta fi wa'azi tsawo, kuma ta fi shi zafi, don wanda bai biya ba ana iya kiran sunansa a gaban jama'a, wanda bai tuba ba kuwa babu mai ce masa kanzil. Mun ɗauki lokacin da aka keɓe don binciken zuciya mun mai da shi lokacin binciken aljihu, muna kuma mamakin yadda ranar 26 ga wata kowa ke tashi da gajiya da bashi, zuciyarsa tana nan inda ya bar ta.

Mu da muka fito daga Karakara da garuruwan Dallol Mawri mun san abin da mutanen birni ba sa lura da shi. Inda Kirista yake ɗaiɗai a tsakiyar dubban Musulmi, rayuwarsa ita ce wa'azin da maƙwabci yake ji. A Nijar gaba ɗaya ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba. Maƙwabcinmu yana yin kwana 29 ko 30 bakinsa a ɗaure, wani lokaci cikin tsananin bazara, sannan ya auna zakkar fidda-kai ya miƙa wa mabukaci kafin ya taka filin idi. Sai ya waiwayo ya dube mu, ya ga tukunya a wuta, ya ga sabon ɗinki, ya ji ganga, bai ga ƙishirwar da ta riga su ba. Idan ya ce a ransa addinin nan na biki ne kawai, wa zai zarge shi? Abin da muka nuna masa ke nan.

Alhali ba haka aka gada ba. A ƙarni na 5, Bishof Perpetus na birnin Tur, a ƙasar da ake kira Faransa yau, ya umarci jama'arsa da azumin kwana uku a kowane mako, tun daga 11 ga Nuwamba har zuwa Kirsimeti. Taron bishof-bishof da aka yi a Tur a shekara ta 567 ya ɗora wa masu zaman zuhudu azumin Disamba, na Makon a 581 ya ƙara jaddada al'adar. Kada wani ya ce mini wannan abin Turawa ne. Kiristocin Masar da na Habasha, waɗanda ikilisiyarsu ta girmi ta Ingila, har gobe suna yin kwana 43 ba nama, ba madara, ba ƙwai kafin bikin haihuwar da suke yi ranar 7 ga Janairu. 'Yan Afirka ne kamarmu, da yawansu talakawa ne kamarmu. Ikilisiyar Katolika ta daina wajabta azumin Adbent, gaskiya ne, amma ta bar tufa mai launin shunayya a jikin fada, ta kuma ɗauke waƙar ɗaukaka daga sujadar waɗannan Lahadi, don kunne ya ji cewa akwai abin da bai iso ba tukuna. 'Yan'uwana na ikilisiyoyin bishara kuwa, da yawansu za su ce maka Adbent al'adar Katolika ce, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. To, madalla. Itacen roba mai ƙyalƙyali da aka kafa a gefen bagade, da auduga da aka manna masa a madadin ƙanƙara a ƙasar da hazon hunturu ke fasa leɓe, da tsoho mai jar hula, a wace sura suka same su? Abin da ke da nauyi an ce bidi'a ne, abin da ake sayarwa a shago an rungume shi.

Ko kambin kyandir huɗun nan da wasu ke kunnawa ɗaya bayan ɗaya, ba a gidan masu kuɗi aka fara shi ba. Wani fasto Bajamushe, Yohan Hinrik Wishan, shi ya ƙirƙiro shi a Hambug a 1839, da tsohuwar ƙafar amalanke, don yaran talakawa da marayun da yake riƙo, waɗanda ke damunsa kullum da tambayar yaushe ranar za ta zo.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi ƙona mini rai ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka yi da Yahaya Mai Baftisma.

Duk shekara, a Lahadi ta biyu da ta uku ta Adbent, jadawalin karatu na Katolika da na ikilisiyoyin da ke bin sa yana kawo mana wannan mutum. Ba baƙo ba ne ga kowa a nan, don maƙwabtanmu Musulmi sun san Annabi Yahaya ɗan Zakariya, suna raɗa wa 'ya'yansu sunansa. Luka, a sura ta 3, ya fara da jera manyan zamanin: Kaisar Tibariyas a shekara ta 15 ta mulkinsa, Bilatus gwamnan Yahudiya, Hirudus mai Galili, manyan firistoci Hanana da Kayafa. Ya gama lissafa su kaf, sannan ya nuna cewa saƙon Allah ya tsallake fadojinsu duka ya sauka a kan wani mai cin fara da zuma a jeji. Kuma ina ya tsaya yake wa'azi? A bakin Urdun, kogin da ya raba yankin da gwamnan Roma ke mulki da yankin Hirudus. Kogin iyaka ne, mai mashigai, mai masu karɓar kuɗin fito. Ba banza ba Yariko, da ke kusa da wurin, take da shugaban masu karɓar haraji irin Zakka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Gaya yana hangen Malanbil a ƙetaren Benin ya san irin wurin, ya san irin mutanen da ke taruwa a can.

Mutane iri uku suka tambaye shi abin da za su yi. Bai ce wa kowa ya kawo baiko na musamman ba. Talakawan gari ya ce mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya, mai abinci ma ya yi haka. Masu karɓar haraji ya hana su ƙara ko anini a kan abin da doka ta yanka. Sojoji ya hana su ƙwace da tsoratarwa da ƙagen ƙarya, ya ce albashinsu ya ishe su. Shi ke nan. Wannan shi ne shirin tarbar Almasihu a bakin wanda aka aiko musamman don ya shirya hanya. Yanzu ku gaya mini, a duk faɗin Nijar akwai inda wannan karatu ya dace da shi kamar hanyar da ta taso daga Doso ta bi ta Gaya, da wadda ta ɓulle Kamba ta shiga jihar Kebbi?

Ku tuna abin da wannan yanki ya gani. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Bazoum. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, daga baya Najeriya ta yanke wutar lantarki. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, wadda a lokacin mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke bi ta kanta, aka toshe ta. Manyan motoci suka yi layi na kilomitoci, abinci ya ruɓe a cikinsu, magani ya maƙale. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, a Maris aka buɗe iyaka da Najeriya, amma Yamai ta bar gefenta na gadar a rufe, tana cewa Benin na ɓoye sansanonin Faransa, Benin tana musantawa. Kirsimetin 2023 ya zo ya wuce gada a rufe, na 2024 ma haka. Ba hukunci tsakanin gwamnatoci biyu na zo yi ba, kowace tana da masu kare ta da suka fi ni baki. Abin da na sani shi ne wanda ya biya kuɗin rigimar. Mai tallan albasa ce da ta hau kwalekwale da goyo a baya. Ɗan makaranta ne. Majiyyaci ne da danginsa ke ɗaya gefen. Dendawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani na gaɓar nan biyu surukan juna ne tun kafin a zana taswira. Kuma a daidai wannan lokaci, bututun mai na kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem zuwa Seme a bakin teku ya ratsa ta yankin nan ya shiga Benin, jirgin farko ya yi lodi a watan Mayun 2024. An sama wa ɗanyen mai hanya, ɗan Adam kuwa sai ya yi ciniki da mai jirgi, da mai ɗaukar kaya, da duk wanda ya tsaya a gaɓa da kaki ko da igiya ya ce sai an sallame shi.

Rufaffiyar iyaka ba ta hana wucewa, tsadar wucewa take ƙarawa, kuma kowa ya san aljihun da ƙarin ke faɗawa. Wannan ba asiri ba ne. Direbobi suna faɗa, 'yan kabu-kabu suna faɗa, mata 'yan kasuwa suna faɗa a bainar jama'a. Wuri ɗaya ne kawai ba a faɗa: a kan mumbari, ranar da aka karanta Luka sura 3.

Ranar 15 ga Disamba 2024 wannan karatu ya faɗo a jadawali, Lahadi ta uku, wadda ake kira Lahadin murna. Shekarar ambaliya ce, ruwa ya kashe mutane fiye da 300 a ƙasar, ya shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Mai riga biyu da marar riga ba misali ba ne a shekarar, suna zaune a benci ɗaya. Amma na san yadda ake yi da irin wannan aya, don na sha jin ana yi. Mai wa'azi zai karanta ta da sauri kamar mai tsallake garwashi, sannan ya ce ma'anarta ta ruhaniya ce: rigar ita ce ƙauna, harajin shi ne zunubi, sojan shi ne Shaiɗan. Kafin ka ankara an wanke maganar tas, babu sauran gishiri a cikinta. Ma'aikacin duwan da ke zaune a layin gaba, wanda ya ba da kuɗin fenti, ya gyaɗa kai ya ce amin. Me zai hana shi? Ba a taɓa shi ba.

Kada a ce na ce duk mai kaki ɓarawo ne. Akwai jandarma da soja da ke kwana a daji don mu yi barci, musamman yanzu da 'yan bindiga suka addabi iyakar nan, har sunan Lakurawa ya zama abin da ake faɗa da ƙaramar murya daga Kebbi zuwa Sakkwato. Akwai waɗanda suka mutu a bakin aiki suka bar marayu. Yahaya ma bai ce wa sojan ya tuɓe kaki ba, bai ce wa mai haraji ya bar tebur ba. Ya ɗauke su a matsayin mutanen da za su iya yin aikinsu da tsoron Allah, wannan kuwa girmamawa ce. Mai wa'azin da ya ƙi gaya musu gaskiya shi ne ya raina su, don ya yanke cewa kuɗinsu ne kawai ke da amfani a gidan Allah, ransu ko oho.

Kuma kada mu fararen hula mu yi saurin tafi, don namu kason yana nan. Adbent yana faɗowa ne a bayan kaka. An yanke gero, an ɗaure dammuna, an roro wake, rake ya nuna a fadamun Junju da Karakara, yankin Gaya kuwa shi ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar. A wannan lokaci ne mai kuɗi ke zagaya kasuwannin ƙauye yana sayen hatsi da arha a hannun manomin da bashi ya shaƙe, ya kulle a sito, ya jira damina ta kama, rumbu ya koma fayau, ya sayar wa manomin nan da tiyar da ya saya a hannunsa ninki biyu. A wannan lokaci ne ake biyan bashin da mutanenmu suka raɗa wa suna a-ci-ba-daɗi, wanda aka karɓa cikin yunwa za a mayar da riɓi. Ana so a ce mini babu Kirista a cikin masu wannan sana'a? Akwai, kuma wasunsu dattawan ikilisiya ne. Suna fitar da ushirinsu daidai wa daida, a rubuta a littafi, a yi musu addu'ar ƙarin buɗi. Buɗin da aka samo daga rumbun gwauruwa.

Sai kuma sabon salo da ya tsallako mana daga manyan biranen kudu, ta talabijin da wayar hannu. Wa'azin da ba ya san jira. Komai yanzu-yanzu: ka shuka iri yau ka girbe mota kafin ƙarshen shekara, ka sa kuɗi a ambulan a daren 31 ga Disamba ka tsallaka da nasara. Wannan koyarwa kishiyar Adbent ce kai tsaye. Adbent yana cewa Isra'ila ta yi ɗaruruwan shekaru tana jira, annabawa suka mutu ba su gani ba, da abin ya zo kuma sai ya zo a gidan masassaƙi, ga wata budurwa 'yar ƙauye wadda umarnin ƙidayar wani sarki na nesa ya tilasta mata doguwar tafiya da tsohon ciki, daga baya kuma ta tsallaka iyaka zuwa Masar da jariri don gudun takobi. Matar da mijinta ya tafi cirani Legas ko Kwatano tun bayan girbi, tana jiran aike da ba ta san ranar zuwansa ba, ta fi kowane mai wa'azin talabijin fahimtar wannan labari. Ita ce ya kamata a zaunar a gaba. A maimakon haka, ita ce ake bi har gida da maganar kuɗin anko, ta sayar da akuyarta don kada a ga 'ya'yanta daban ranar biki. Zumuntar mata ce ke share majami'a, ita ke dafa abincin, ita ke cika benci, ita kuma ake tatsa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce mu 'yan tsiraru ne, baki shi ke yanka wuya. Za a tuna mini 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen wata jaridar Faransa da ba mu san hawa ba ba mu san sauka ba, mutane 10 suka mutu, a Yamai kaɗai hukuma ta ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta. Za a tuna mini Fada Makalli da aka sace a Bomowanga a Satumbar 2018, bai samu kansa ba sai Oktobar 2020. Ban manta ba, babu Kiristan Nijar da ya manta. Amma a duba da kyau: wa zai ƙona majami'a don fasto ya ce wa ɗan ikilisiyarsa ya daina karɓar na goro? Wane limami ne zai yi fushi don an ce kada a ɓoye hatsi, alhali shi ma yana hani da haka a huɗubarsa? Wannan ita ce maganar da ta fi kowace haɗa mu da maƙwabtanmu. Tsoron da ke hana a faɗe ta ba tsoron masu ashana ba ne. Tsoron layin gaba ne, tsoron kada mai ba da babban baiko ya koma wata majami'a.

Ga misali nan a ƙetaren kogi, ba sai an je nesa ba. A Fabrairun 1990, lokacin da Benin ta durƙushe, albashi ya gagara, mulkin Shugaba Kereku ya kai gargara, wani limamin Katolika ne, Isidor de Suza na Kwatano, aka ɗora wa shugabancin taron ƙasa, ya riƙe shi har aka sauya mulki ba tare da zubar da jini ba. An yarda da shi ne don an san ba a saye shi ba. A Jamus kuma, Fada Alfred Delp ya rubuta tunaninsa na Adbent a kurkukun 'yan Nazi a ƙarshen 1944, hannuwansa cikin ankwa, aka rataye shi ranar 2 ga Fabrairu 1945. Shi kansa Yahaya bai mutu a kan tabarmarsa ba: ya tsawata wa Hirudus a kan auren matar ɗan'uwansa, aka kulle shi, aka fille masa kai. Ba na neman kowa ya kai can. Abin da nake nema bai kai ko kusa ba, shi ya sa shirun ya fi ba ni haushi.

A rage anko, ko a soke shi bana, a auna kuɗin a sayi gero tun yana da arha, a ajiye a rumbun ikilisiya don watan Yuli da Agusta, a raba ba tare da tambayar addinin mai karɓa ba. Dattijon da ke bin gwauruwa bashin riɓi ya yafe riɓin kafin ya miƙa hannu ya karɓi jibin Ubangiji. Majami'un Gaya da Doso da Yamai, masu fanka da jita, su tuna da malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin da aka tura wani ƙauye a ƙasar Junju, wanda zai yi Kirsimeti shi kaɗai da Littafinsa a ɗaki, su aika masa da mutum, ba saƙon waya ba. Wanda ke da lafiya ya ɗaure bakinsa ko da Laraba da Juma'a ne, abin da bai ci ba ya kai gidan da ba a ɗora tukunya ba. Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa cikakke tun 1932, babu mai cewa Faransanci ne ya shige masa duhu. A buɗe Luka sura 3, daga aya ta 10 zuwa ta 14, a karanta da Hausa, a maimaita da Zabarmanci da Dendanci, a hankali, ana duban fuskokin mutane, kada a fassara riga ta zama wani abu ban da riga.

Idan fasto ko fada ya ga ba zai iya ba, ya faɗa mana tun yanzu. Sai mu miƙa littafin ga ɗaya daga cikin iyayenmu mata na zumunta, wadda ta sha hawa kwalekwalen nan da kayanta a ka, ta san ko nawa aka karɓa a hannunta da wanda ya karɓa. Ita ba ta da kujerar da za ta rasa.